Yadda ake ganin yautai, da abin da za ka yi in ya yi ƙwai a gonarka

Kada ka ɓata lokacinka kana neman yautai da rana. Yana nan kwance a ƙasa, wataƙila taku uku daga inda kake tsaye, a gindin sabara ko cikin busassun ganyen kalgo, ya lumshe ido ya bar 'yar tsaga yana kallonka, kai kuwa ba za ka gan shi ba. Gashinsa ruwan ƙasa ne da toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi, daidai da wurin da ya zaɓa ya kwanta. Duk dabararsa ta tsira ke nan: ya yi lamo ya bar ka ka wuce. Yawancin waɗanda ke cewa sun san yautai, tashinsa kawai suka sani, lokacin da ya yi firgigit daga ƙarƙashin ƙafarsu, gabansu ya faɗi, kafin su ce me ya sake sauka can gaba ya ɓace.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Kiyawa da Jahun, ina kuma noman gero da gyaɗa kamar kowa a nan. Sanin da na yi wa wannan tsuntsu na hanya ne da na gona: dawowa kan babur bayan magariba, da duƙawa kan fartanya da damina. Abin da zan faɗa maka ba ya bukatar kuɗi. Tocila ce, da takalmi mai rufi, da sanin kwanan wata.

Lokaci da wuri

Fara da kwanan wata, domin shi mutane suka fi raina wa. Yautai da ido yake farauta. Yana zaune a ƙasa yana duban sama, in ƙwaro ya gilma tsakaninsa da hasken sararin sama sai ya tashi ya cafke shi a iska ya dawo. Saboda haka a daren duhu aikinsa gajere ne: ɗan lokacin da ke tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu, sai kuma gabanin fitowar alfijir zuwa wayewar gari. A daren farin wata kuwa yana iya kwana yana kiwo yana kuka. Daga 10 zuwa 15 ga watan Musulunci ka fita bayan sallar magariba, wata yana sama tun kafin duhu, ba za ka rasa shi ba. In an wuce 16, wata yana makara wajen fitowa, sai ka mayar da fitarka gabanin asuba. Wannan ba lissafin ƙauye kaɗai ba ne. A 2019 masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun fitar da sakamakon 'yan na'urorin da suka ɗaura wa yautan Turai, wanda ke ƙetare Sahara ya yi hunturu a Afirka. Sun samu cewa kiwonsa yana ninkawa a daren farin wata, kuma sai bayan wata ya cika da wajen kwana 10 yake ɗaura niyyar doguwar tafiya, ya riga ya ƙoshi.

A cikin shekara kuwa, mu nan lokacinmu shi ne ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, wato daga Mayu zuwa Agusta. In an yi ruwa mai ƙarfi na farko shinge ya fito daga suri da yamma, to ranar ko abincin dare ka bari ya huce. Jemagu za su zo, yautai ma zai zo. Da hunturu ƙwari sun yi ƙaranci, da yawansu sun gangara kudu, wanda ya rage ma ba ya yawan kuka.

Wuri bai da wuya. Yana son fili a buɗe mai ɗan daji a gefe: burtali, labi, saura da aka bari ta huta, fako mai tsakuwa, bakin fadama, filin ƙwallon makaranta in yana wajen gari, da hanyar ƙasa wadda ba ta da yawan ababen hawa. Kusa da inda aka ɗaure garke ma wuri ne mai kyau, saboda kashin dabbobi yana tara ƙwari. Wannan zagayen garke da yake yi ne ya sa mutanen Turai na da suka ɗora masa sharrin tsotson nonon awaki, har Aristotle na Girka ya rubuta haka fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Bakin yautai ko kusa bai iya wannan ba. Cikin gero da ya yi tsawo ya rufe kuwa ba wurin nema ba ne, ka tsaya a gefe.

Kafin ka fita, gaya wa mai unguwa ko 'yan sintiri inda za ka. Mutum da tocila a bayan gari da dare, yana haska nan yana haska can kusa da dabbobin mutane, zamanin nan ba a yi masa kyakkyawan zato, kuma ba za ka ga laifin kowa ba. Ka tafi da aboki ɗaya, ba ayari ba. Silifa ka bar ta a gida. Irin fakon da yautai ke so shi kububuwa ke so, ga kunama, kuma duk da dare suke yawo. Sa takalmin roba mai tsawo irin na masu aikin fadama, ka riƙe sanda.

Riƙon tocila

A nan duk sirrin yake. A bayan idon yautai akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, kuma hasken yana komawa ne ta hanyar da ya zo. In ka riƙe tocila a wajen ƙugu yadda muka saba, hasken zai koma ƙugunka, idonka bai samu komai ba. Ɗaga ta ka manna a gefen kanka, dab da kunne, ta riƙa duban inda idonka ke duba. Tocilar goshi irin ta masu kamun fara ta fi kowace dacewa. Fitilar waya ba ta da amfani, haskenta a baje yake, ba ya zuwa nesa.

Tsaya wuri ɗaya ka share ƙasa da hasken a hankali, daga nesa ka jawo shi kusa, daga hagu zuwa dama. Sannan ka yi taku ashirin ka sake. Abin da kake nema ɗigo ne ja, jan garwashi, manne da ƙasa, yawanci guda ɗaya domin a kaikaice yake zaune. Tun daga taku hamsin ko fiye ake hango shi. Zai ɗauke ya dawo, wato yana ƙifta ido ko ya juya kai.

Idanu da yawa ne a daji, sai ka koyi tantance su. 'Yan mitsi-mitsin ƙyalli fari-fari ko kore-kore da za ka gani birjik a cikin ciyawa, gizo-gizo ne. Idanu biyu kore mai ruwan ɗorawa, a jere, suna kallonka kai tsaye, kyanwa ce ko muzuru. Na tumaki da awaki sun fi tsayi daga ƙasa kuma suna da yawa. Zomo ne kaɗai zai ruɗe ka, domin shi ma idonsa ja-ja ne kuma ɗaya ake gani, amma ya ɗan ɗaga sama, kuma ba ya daɗewa sai ya yi tsalle. Na yautai in zai bar wurin sama yake yi, ka ga jan ɗigon ya tashi ya yi lilo ya sake sauka.

In ka same shi, kada ka zuba masa tsakiyar hasken a ido. Sauke tocilar kaɗan, gefen hasken ya ishe ka. Sannu ba ta hana zuwa: taku biyu ka tsaya, taku biyu ka tsaya, ba magana, ba taka kara. Sau da yawa zai bar ka ka zo taku huɗu ko biyar. Nan ya isa. Ka dube shi minti ɗaya ko biyu ka kashe, domin idon da ya sha haske yana ɗaukar lokaci kafin ya koma ganin duhu, shi kuwa wannan ɗan lokacin ne na cin abincinsa.

Yadda jikinsa yake sosai sai a hannu ake gani, kuma abin takaici hanya tana ba da wannan damar, domin babura da motoci suna kashe su. Wani da na tsinta da safe a hanyar makaranta, na zauna na duba shi kafin yara su taru. Ba shi da nauyi, wajen giram 50 ne, gashin kuwa laushi ƙwarai, shi ya sa ba ka jin ƙarar fiffikensa. Bakin a rufe ɗan tsito ne, sai ka yi mamakin me yake ci da shi. Da na matsa gefen sai ya wangale har ƙarƙashin ido, faɗinsa kusan faɗin kan gaba ɗaya, cikinsa ja-ja. A gefen bakin na sama akwai jerin gashi masu tauri, baƙaƙe, sun miƙe waje. Ƙafafun gajeru ne, marasa ƙarfi, ba na yawo ba. A farcen yatsan tsakiya akwai 'yan haƙora a jere a gefe ɗaya, na tsefe gashi. Saboda gajartar ƙafar nan ne in ya hau reshe yake kwanciya a tsawonsa, ba ya gicciye shi yadda kurciya ke yi.

Wanne ne ka gani?

Mu duka yautai muke ce musu, amma ba iri ɗaya ba ne. Zan sa sunayensu na kimiyya don wanda ke son ya nemi hoto ko kukansu a intanet.

Wanda ka fi haɗuwa da shi a Kano da Jigawa shi ne mai dogon wutsiya, Caprimulgus climacurus. Ko a zaune za ka gane shi: jikin ƙarami, wutsiyar ta miƙe a ƙasa ta kusa fin jikin tsawo, gashin tsakiyarta ya fi na gefe. Namiji har da wutsiya yana kai wa wajen santimita 40. In ya tashi za ka ga farin zane ya gicciye fiffike, da fari a maƙogwaro. Kukansa wani dogon rrrrrr ne mara yankewa, kamar tela na taka keken ɗinki a can wani gida, yana iya ɗaukar mintuna bai numfasa ba. Mutane da yawa suna jin sa duk damina suna zaton ƙwaro ne ko kwaɗo.

Na biyu shi ne wanda ya sa nake fita, mai tuta, Caprimulgus longipennis. Jikinsa santimita 20 zuwa 23 ne kacal, wutsiya gajera, kuma babu fari ko ɗigo a fiffikensa, sai ratsin baƙi da ja-ja. To amma namiji a lokacin neman aure yana fitar da gashi ɗaya daga tsakiyar kowane fiffike, dogo ƙwarai, sandar gashin tsirara, sai a can ƙarshe ta buɗe ta yi faffaɗan baƙin ganye. Da almuru ba ka ganin sandar. Abin da za ka gani tsuntsu ne yana tafe, wasu baƙaƙen abubuwa biyu suna bin sa a baya suna rawa, ba sa cim masa ba sa kuma barinsa. Wanda bai sani ba zai rantse jemagu ne suka taso shi, wanda ya riga ya tsorata kuwa zai koma gida da labarin aljanu. In yana yi wa mace wasa, sai ya riƙa kewaya fili ƙasa-ƙasa a hankali, tutocin nan a tsaye sama da bayansa. Maza kan taru a fili ɗaya suna wannan, mata su zo su zaɓa, kuma namijin ba ruwansa da ƙwai ko 'ya'ya. Tutar ba ta shekara: in lokacin ya wuce sai ta karye ko ta zube, ya koma ba ka bambanta shi da mace. Yawancinsu a kudu da mu suke hayayyafa da rani, su biyo ruwa zuwa arewa, don haka in kana son ganin mai tuta da tutarsa, Mayu da farkon Yuni za ka matsa. Kukansa siriri ne ƙwarai, tsi-tsi-tsi-tsi da sauri, dattawa da yawa kunnensu ba ya kama shi.

Akwai Caprimulgus inornatus, wanda bayansa bai da yawan zane, namijin yana da fari mai faɗi a kusurwoyin wutsiya. Akwai kuma na dutse, Caprimulgus tristigma, baƙi-baƙi mai ɗigon fari, launin dutsen da yake kwana a kai, ba ya sauka gona. In kana kusa da manyan duwatsu irin na Dutse, Birnin Kudu ko Rano, kasa kunne da farin wata. Kukansa gajere ne, wau-wau, a yi shiru, a sake, har ana ɗauka ɗan kwikwiyo ne.

Da wuya hoton waya ya yi kyau da dare, amma murya tana kamuwa. Kunna rikoda, miƙa wayar wajen kukan, ka yi shiru rabin minti, a ƙarshe ka faɗi wuri da kwanan wata da bakinka. Sannan ka gwada da waɗanda ke xeno-canto, shafin intanet da ake tara kukan tsuntsaye. In abin ya shiga ranka, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma da rahoton mutane irinmu ake cika ta. Masu zagayen nan da rana suka fi fita, kai kuwa da ke kwana a ƙauye tsuntsun dare a ƙofarka yake. Abu ɗaya da ba na so: kunna masa kukan ɗan'uwansa a sifika don ya zo. Yana zuwa, amma faɗa ya zo yi, ya bar kiwo ya bar mace.

In ka tarar da ƙwai

Yautai ba ya sheƙa. Ko tsinke ɗaya ba ya ɗauka. Macen tana zuba ƙwai biyu a kan ƙasa tsirara, wani lokaci ɗaya, masu launin ƙasa mai ɗan ja da dabbare-dabbaren toka, ta kwanta a kai, jikinta ne rufin kuma shi ne ɓoyon. Mai dogon wutsiya a nan yana yin haka ne daidai lokacin da muke firi da maimai, shi ya sa manomi ya fi kowa cin karo da shi.

Alamar ita ce yadda ta tashi. Wadda ba ta da ƙwai tana tashi ta yi nisa. Mai ƙwai ko 'ya'ya sai ka kusa taka ta, kuma ba ta nisa: ta faɗi taku kaɗan a gabanka, tana jan fiffike a ƙasa, tana birgima, baki a buɗe, sai ka ce karyayya ce. Ka matsa ta ƙara gaba kaɗan. Jan ka take yi daga wurin. Wannan halin ne ya sa manya ke cewa mai bin yautai ɓata yake yi a daji.

Ina saurayi muna maimai a gonar gyaɗa da Baffana, wata ta tashi haka a gabana. Ban gama razana ba na ji muryarsa: "Kai, tsaya nan! Kada ka ɗaga ƙafa." Ya zo ya tsuguna yana bin ƙasa da ido, ya daɗe, sannan ya nuna da bakin fartanya. Ga ƙwai nan biyu a kwarin kunya, tsakanin wani ɓawon kara da 'yan tsakuwa, bai fi taki ɗaya daga babban yatsana ba, kuma ina kallon wurin tun ɗazu ban gan su ba. Na ce, "Baffa, in matsar da su gindin sabara?" Ya ce, "Ba a taɓawa. Ja da baya ta inda ka shigo." Ya tsallake kunya biyu ya ci gaba da nomansa.

Baffa tsoro ne ya hana shi taɓawa. A garinmu an tashe mu da cewa yautai mugun tsuntsu ne, wanda ya ɗauki ƙwansa ya ɗauko wa gidansu masifa. Camfi ne, ba ya cutar da kowa, ba ya kawo komai sai ragin ƙwari. Amma abin da Baffa ya yi ranar, ko masanin tsuntsaye iyakar abin da zai ce ka yi ke nan. Yaran yanzu ba su da wannan tsoron, ga danƙo a aljihu, don haka sai an yi musu bayani da baki.

Ga yadda za ka yi. Da ta tashi, daskare. Dubi inda ta tashi, ba inda ta sauka ba. In ka ga ƙwan, ko ma ba ka gani ba, koma da baya kan sawunka. Bar wurin da wuri, domin ranar Yuni tana iya dafa ƙwan da ba uwa a kai cikin ɗan lokaci, kuma ba za ta dawo ba sai ka yi nisa. Kada ka share ciyawar kewaye, kada ka kafa mata rumfa don tausayi, kada ka jera duwatsu. Duk abin da ya sa wurin ya bambanta da sauran gona talla ce ga hankaka, da guza, da tunku, da karen maƙwabci. In kana son shaida don kada ka manta, ɗaura ƙyalle a wani kara ko reshe taku biyar daga wurin, ka riƙe a ranka ta wane gefe ƙwan yake.

Sai mutanen da ke shiga gonar. In ka ɗauki 'yan ƙwadago ko ka kira gayya, kai su wurin ƙyallen tun da safe ka ce, "Kunya biyun nan ku bar min su, kuɗinku ba zai ragu ba." In ba ka faɗi maganar kuɗin ba za su nome, don kada a ce sun yi ha'inci. Mai garmar shanu shi ya fi bukatar gargaɗi, domin shi ba ya ganin abin da ke gaban shanun. Mai feshi ma ya tsallake wurin, ya kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Asarar ba ta taka kara ta karya ba: kwanci bai kai mako uku ba, ciyawar kunya biyu kuwa da hannu ma ka cire ta daga baya.

'Ya'yan suna fitowa da gashi mai laushi launin ƙasa, ido a buɗe, kuma cikin kwana kaɗan suna iya jan jiki su koma inuwa. In ka dawo ka ga wurin wayam, ba lalle ne an cinye su ba, sun matsa ne, don haka ka kula da ƙafarka a duk kewayen har wani mako ukun, lokacin da za su fara tashi. In yaro ya kawo maka ɗaya yana cewa ya tsinci maraya, ba maraya ba ne, uwar tana kusa tana kallo. Sa shi ya kai ka inda ya ɗauka ku mayar kafin magariba. A gida ba ya rayuwa: ba ya tsattsagar tsaba, ba ya cin dusa, ƙwari kawai iyayen ke ɗura masa da dare.

Haka in ka buge babba da babur ka ga da sauran rai. Zai wangale baki yana huci, barazana ce kawai, bakin bai iya ko ƙwarzanar fata ba. Rufe shi da hula ko ƙyalle ka ɗauka, fiffike a naɗe, ka sa a kwali mai 'yan huji a wuri mai duhu da sanyi inda kyanwa ba ta kai wa. Kada ka ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. Washegari da magariba ka kai shi kusa da inda ka same shi, nesa da hanya, ka ajiye kwalin a ƙasa ka buɗe. In buguwa ce kawai zai tashi da kansa. A hanyar ƙasa da damina kuwa, da ka hango jan ɗigo a gaba ka sassauta mai ka sauke fitila, domin hasken ne ke ɗaure shi a wurin, hon ba ya tayar da shi.